Jar Kular Inna

Amarya ta buɗe firji ta tsaya kallonsa kamar wadda ta manta abin da ya kawo ta. Shinkafar shekaranjiya ta yi yauƙi, miya ta yi tsami, ga kuma sabuwar tukunya tana tafasa a kan wuta. Tun da aka shiga hutun ƙarshen shekara aikin ke nan a gidan surukarta: a dafa yau, a kai bola gobe. Abin da ya fi ci mata rai shi ne wata jar kula da Inna ke sa a cika kullum a ajiye kan tebur, ba mai buɗe ta.

Ranar nan sai ta rage awo, ta wanke kular ta kife.

Inna na shigowa idonta ya sauka a kai.

"Wa ya kife wannan?"

"Ni ce, Inna. Na ga kullum zubarwa ake..."

"Zubarwa! Jiya-jiya kika zo har kin fara cire min 'ya'ya daga gida? Auta! Fito ka zaɓa — ko ni ko ita!"

A ɗaki Auta, mijinta, ya zauna bakin gado kansa a ƙasa.

"Kular ta Yayana ce. Direba ne, kullum hutu a hanya yake samunsa, sai Inna ta ajiye masa ya zo ya tarar. Tun da ya rasu ta kasa dainawa. Laifina ne, ban faɗa miki ba. Yanzu ta ce in sallame ki kafin hutu ya ƙare." Ya ɗago ya dube ta. "Wallahi ina sonki, amma uwa ce."

Amarya ba ta yi kuka ba. Hawayen ma sun ƙi zuwa, zuciyarta ta yi shiru kawai. Tana shara, tana wanke-wanke, tana gaida Inna ba a amsawa. Abinci ko ɗanɗanonsa ba ta ji. Akwatinta ma ta haɗa ta tura ƙarƙashin gado.

Wata safiya ta auna daidai cikin gida, ta ƙara na mutum ɗaya, ta cika jar kular da zafinsa, ta yafa mayafi.

"Ina za ki da ita?" Karo na farko ke nan da Inna ta yi mata magana tun ranar rigimar.

"Tasha, Inna. Akwai 'ya'yan wasu da hutu ya samu a hanya."

Inna ta zura takalminta ta bi bayanta.

A inuwar wata babbar mota suka tarar da direba yana tauna busasshen burodi. Amarya ta miƙa masa kular ta ce sadaka ce. Ya karɓa da hannu biyu, ya ci har ya suɗe cokali.

"Mama, rabona da abincin gida har na manta. Allah ya jiƙan wanda aka yi dominsa."

Inna ta juya kai tana share ido da gefen mayafi. Sai da suka kusa gida ta kama hannun Amarya.

"Je ki kwance kayan nan, 'yata. Gobe ni zan riƙe kular."

A nan ne kukan ya zo wa Amarya, a tsakiyar titi.

Da ta rama da baki, da aurenta ya mutu, abincin kuma yana nan yana ruɓewa. Haƙurinta ne ya tsare mata ɗakinta, ya kuma nuna wa Inna cewa mamaci addu'a yake buƙata, abinci na mai rai ne.