Ruwan Sanyi a Kan Injin Zailani

Magariba ta kawo jiki a garin Ƙofa, zafin bazara bai sauka ba, lokacin da Zailani ɗan acaɓa ya turo babur ɗinsa cikin gida. Ranar kasuwar Tudun Wada ce. Ya yini a cunkoso tsakanin motocin hatsi, injin ya ɗau zafi har yana ƙauri. Ya kafe shi a gindin tsamiya, ya tsuguna yana yi masa fifita.

Matarsa Safara'u tana kallo daga bakin madafa. A wannan inuwar take daka shekara goma sha biyu, har ranar da ya kawar mata da turmi domin babur ya samu sanyi. Kullum sai ya kankare taɓon da ya toshe haƙarƙarin injin, ya duba baƙin mai, ya shafa tanki. Ita ko sannu ba ta samu.

"Kada kowa ya zuba masa ruwa," in ji Zailani, yana shirin tafiya masallaci. "Ƙarfe mai zafi tsagewa yake."

Yana fita ta ɗauki bokiti. Ba ta yi bisimilla ba, ta sheƙa wa injin ruwan randa. Tururi ya tashi, ruwan ya gangara da zafinsa cikin saiwar tsamiya. Sai wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashin ƙasa, siririya, kamar ta tsohuwa.

Injin bai tsage ba. Amma washegari da almuru tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon ɗaki, ɗaya bayan ɗaya, ba mai jifa. Rana ta uku babur ya tashi da kansa, makulli yana aljihun Zailani. Rana ta huɗu 'yarsu Muhsina, mai shekara goma, ta faɗi a gindin tsamiya. Da ta buɗe ido, ba idonta ba ne.

Safara'u ta yi shiru da abin da ta sani, yana cin ta.

Aka ɗauko Malam Imran daga Kiru bayan la'asar. Ya zauna kusa da kan yarinyar ya yi ta karatu, har inuwa ta kai bango. Can Muhsina ta yi magana da muryar tsohuwa.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona inda aka riga aka ƙona."

"Wace ce ke? Me yarinya ta yi miki?"

"Tun ba a gina gidan nan ba nake cikin tsamiyar. Yarinya ba ta yi min komai ba. Uwarta ce ta zuba min tafasasshen ruwa."

Zailani ya juyo ya dubi matarsa.

"Kuma ita nake so duk gidan," muryar ta ci gaba. "Ita ke share min gindi. In tana daka tana waƙa, ina ji. Wannan mutumin ya kore ta, ya kawo min ƙarfe mai wari yana lallashi. Na ƙi jinin ƙarfen nan kamar yadda ta ƙi shi. Ashe ni za ta ƙona."

"Ba ta san kina nan ba," in ji Malam. "Ki ji tsoron Allah ki saki yarinya."

"A fitar da babur, a mayar min da mai dakana."

"Babur zai fita. Amma ke ma za ki fita. Zama ya ƙare tsakaninku."

Aka daɗe ana ja. Malam ya ɗaga murya da karatu, har tsohuwar aljanar ta yi kuka ta ce za ta koma dajin Falgore wurin danginta, in dai Safara'u ta nemi gafararta da bakinta.

Safara'u ta durƙusa. "Ki yafe ni, Baba. Wallahi ba ke na nufa ba."

"Na sani, 'yar nan. Ki riƙa shan ruwa in kina aiki. Kina mantawa."

Muhsina ta yi atishawa sau uku, ta kira uwarta da muryarta.

Zailani bai yi faɗa ba, bai kuma tambayi matarsa dalili ba. Cikin mako ya kafa wa babur rumfa a ƙofar gida, da sabon kwano da tagogi biyu don iska ta ratsa. Safara'u ta tsaya tana kallon rumfar, ta fi madafarta kyau nesa ba kusa ba. Sai ta kama kanta tana tunanin nisan Falgore, da ko tsohuwar ta isa lafiya.