Aljanin Akori-kurar Gwadabe

A shekarar da aljani ya shiga gidan Gwadabe mai albasa, zamanin Shugaba Ahidjo, ba wanda ya runtsa a unguwar Briqueterie. Wato a layinsu, daga famfo zuwa shagon tela.

Gwadabe yana da wata tsohuwar akori-kura da yake kai albasa kasuwar Mokolo. Kwananta a tsakar gida ne, gindin tagar ɗakin 'yarsa Madina. Da tiyon mai ya fara yoyo, matarsa Hadija ta ce a kai wa Garga bakanike. Ya ce har abada, don Garga ya yi dariya ranar da aka sayo motar. Gwadabe ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashinta, ya lalubo tsagar, ya cuɗa sabulun wanki ya liƙe, ya naɗe da tsumma. Da la'asar ya sanar a majalisa cewa ya gyara da hannunsa. Ya ƙara da cewa bakanike na raggaye ne.

Magaribar ranar ta sauko a hankali, da nauyi, hadari ya danne unguwa, ko ganye ba ya motsi. Ana idar da salla dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Wani dutsen ya biyo. Daga ƙarƙashin mota kuma aka ji ƙaraf-ƙaraf, kamar ana cin wani abu a ɓoye.

Da safe Gwadabe ya leƙa. Babu sabulu, sai sawun haƙora ƙanana. Ya san ɓera idan ya ga aikinsa, amma ya sake liƙewa abinsa. Haka aka yi ta yi: shi ya liƙe, a cinye, fetur ya bi lambatu ya fice ta ƙarƙashin katanga. Madina ta fara ciwon kai da jiri. Wata magariba ta zube a bakin ƙofa, tana magana da muryar da ba tata ba.

Aka ɗauko Malam Njidda, mutumin Garwa mai ruƙiyya. Maƙwabta suka cika gidan, har da dattawan majalisa a kan tabarma. Malam ya yi karatu mai tsawo, duhu yana ta taruwa a lungunan gida. Sannan ya ce, “A kawo garwashi a kasko. Hayaki zan yi mata.”

Hadija ta taso da kaskon, jajir. Gwadabe ya dubi ƙasa. Tsakanin ƙafarta da tabarmar Madina wani siririn layi yana sheƙi.

“Dakata,” ya ce.

“Lafiya?” in ji Malam.

“Wutar ce. A ɗan yi nesa da ita.”

“Don me?”

Gwadabe ya yi gyaran murya. “Motar tana ɗan... gumi.”

Wani dattijo, Baballe, ya shaƙi iska ya ce, “Ikon Allah. Wadda ka gyara da hannunka?”

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi, da ya fi sauƙi. Aka mayar da kasko madafa, Malam ya kama ɗan yatsan Madina.

“Wane ne kai?”

“Baƙo,” in ji muryar, a kausashe.

“Me ka zo nema a jikin 'yar mutane?”

“Ni ban zo nemanta ba. Wucewa nake, warin esans ɗin da motar nan ke zubarwa ya bugar da ni na faɗa. Gwadabe, kana ji na?”

Tun da aka haifi Madina ba a taɓa jin sunan nan tsirara a bakinta ba.

“Ina ji,” Gwadabe ya ce a hankali.

“Sabulu na wanki ne.”

Malam ya ce, “Za ka fita, ko in ƙona ka da ayoyi?”

“A gidan nan, Malam, a bar zancen ƙonawa. Zan fita. Amma gobe a kai motar wurin Garga.”

“Akwai wani bakanike a unguwar Messa,” in ji Gwadabe.

“Garga.”

Malam ya juyo. “Ka yarda?”

Gwadabe ya yarda. Madina ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta nemi ruwa.

Washegari da hantsi aka turo akori-kura ta gaban majalisa, Gwadabe yana riƙe da sitiyari yana duban hanya kamar bai taɓa ganinta ba. Dattawa suka yi masa sannu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tsallake. Garga ya cire ruɓaɓɓen tiyon ya sa sabo, kuma bai yi dariya ba sai da Gwadabe ya sha kwana.

Jifa ya tsaya a ranar, wadda ita ce ranar da fetur ya daina gangarawa kusa da murhun maƙwabciyarsu Goggo Indo ta bayan katanga. Malam Njidda ya ce bai taɓa gamuwa da aljani mai sanin mutanen unguwa kamar wannan ba.

Garga ƙanin Hadija ne, uwa ɗaya uba ɗaya.