Ɗumin Ƙwai

Ruwan ya ɗauke amma unguwar ba ta farfaɗo ba. Sufeto ya sauko daga mota yana jin kansa kamar an cusa masa auduga, don rabonsa da barcin kirki har ya manta.

Gawar tana gindin tsani, an lulluɓe ta da zanen gado. Dogo ake ce masa, mai gyaran wuta ne. Iskar shekaranjiya ta karya reshe, reshen ya tsinka wayar da ta taso daga falwaya, ya lanƙwasa bututun da take bi ta shiga gidan. Aka kira shi ya gyara. Ya miƙe bututun, ya kama waya, wuta ta jefo shi.

A bayan motar 'yan sanda wani mutum na zaune da ankwa, leɓensa a fashe.

"Yayansa ne, Yallaɓai," in ji Saje. "Tare suke aiki. Da ƙyar na ƙwace shi a hannun jama'a. Shi ne a wajen falwaya, kuma da safe an ji su suna cacar baki."

"Me ka ce masa?" Sufeto ya tambayi mutumin.

"Na ce ya bari bango ya bushe. Ya ƙi. Na ce in ya faɗo babu ruwana." Ya taɓa leɓensa. "Kullum haka nake ce masa, Yallaɓai. Tun yana hawan bishiya."

Sufeto ya durƙusa ya laluba aljihun mamacin. Filaya, salatif, sai wani abu fari mai nauyi.

"Fis ɗin falwaya ne," Yayan ya faɗa daga nesa. "Dokarmu ce. Wanda zai hau shi ke cirewa, ya sa a aljihunsa, don kada wuta ta zo."

Saje ya taɓe baki. "Ai guntun waya ma ya isa a haɗa, a zare bayan aikin ya kammala."

Sufeto ya miƙe tsaye. Ya ɗaga kai. Wayar falwayar tana can a naɗe jikin reshe, ɗigon ruwa na bin ta ɗaya bayan ɗaya, ba a kai ga ɗaura ta ba. Wadda ta fito daga bututun gidan ce bakinta ya yi baƙi. Ya daɗe yana kallonta, har ta fara yi masa lilo a ido.

Ɗakin farko na uwar mai gidan ne. Tsohuwa ce, tana kishingiɗe a doguwar kujera, labule a sake.

"Sannu, Iya."

"A'a, angona ne? Sai yau ka tuna da ni, da aka yi mutuwa?"

"Aiki ne ya riƙe ni, uwargida. Me kika ji?"

"Ji? Ni gani na yi. Barci ya ɗauke ni, na ga marigayi mijina yana yi mini fifita. Na ce, kai da ko ruwa ba ka taɓa miƙo mini ba? Na buɗe ido, sai ga fanka tana juyawa." Ta nuna sama da haɓa. "A hankali, kamar mai jin kunya. Sai na ji wani abu ya faɗi a waje, tim. Ita ma ta tsaya."

"Mafarki ne, Iya," Saje ya ce.

"Mafarki ne ya kaɗo mini ƙura a shayi? Duba kofin, ɗan nan."

Sufeto ya duba. Ƙura ce kwance a saman shayin. Fanka ta juya a gidan da babu abin da ya haɗa shi da titi. Ke nan wutar daga ciki ta fita.

"Wa ke da janareta?"

"Mai Kaji. Ɗan hayan baya."

Mai Kaji siriri ne, mai tattausar murya. Ya tarbe su a bakin ƙofa, bai matsa ba.

"Janaretana ya lalace tun makon jiya, Yallaɓai."

"Dogo ya yi maka magana kafin ya hau?"

"Ya bi ɗaki ɗaki, ya ce kada kowa ya kunna komai. Me zan kunna? Ga shi can a mace."

An kifa wa janaretan buhu a lungu. Sufeto ya taɓa, ƙarfen da sanyi, ƙasan wajen sharkaf da ruwa alhali akwai rumfa a kai. Ya sunsuna yatsunsa, ya ture ƙofar ya shiga.

Duhu, da warin dusa. A tsakiyar ɗakin akwai wani akwati mai murfin gilashi, ƙwai jere a ciki, farare, shiru, kamar masu sauraro. Injin ƙyanƙyasa ne. Sufeto ya buɗe, ya ɗauki ɗaya ya rufe a tafinsa.

Ɗumi. Irin ɗumin goshin jariri. Har wani abu ya motsa a ciki, ko kuwa jininsa ne, bai sani ba. Ya ji kamar ya zauna nan ƙasa ya yi barci.

"Tun shekaranjiya babu wuta," ya ce, "janaretanka a mace. Kai kake kwanciya a kansu?"

Saje ya janyo wata waya daga ƙarƙashin katifa, kai biyu gare ta, kowanne na cusawa a soket ne.

Mai Kaji ya sulale ya zauna.

"Saura kwana kaɗan su fito," ya ce. "Ina jin kukansu a cikin ɓawo. Tun da wuta ta tafi nake kunnawa ta soket ɗin bango, in kashe babban makunnin gidan tukuna, don kada wutar ta fita waje. Yau sanyi ya shige su. Na taɓa, na ji suna tafiya. Makunnin yana gindin tsaninsa, in na je zai gan ni, zai hana. Na ce minti biyu kawai." Ya rufe fuska. "Da na ji faɗuwar na kashe, na watsa wa janaretan ruwa don ya huce."

"Kana kallo aka fasa wa ɗan'uwansa baki."

"Ina kallo."

Sufeto ya mayar da ƙwan gurbinsa, ya rufe gilashin.

A waje Saje ya kwance ankwar daga hannun Yayan, ya maƙala wa Mai Kaji. Jama'ar da suka yi dukan suka sunkuyar da kai. Yayan ya murza wuyan hannunsa, ya matso kusa da Mai Kaji har suna jin numfashin juna. Sufeto ya gyara tsayuwa.

Yayan bai ɗaga hannu ba.

"Da ka ce masa ya sauko," ya ce a hankali. "Wallahi da ya sauko. Ni ne kawai ba ya jin maganata."

Aka tura Mai Kaji cikin mota. Yayan ya juya, ya je ya zauna a ƙasa kusa da ƙaninsa.