Idon Mitar Nurmamad

Rana ta yi ja lokacin da Jusab ya turo tsohon babur ɗinsa shagon Baba Walji bakanike, maganin fuka na fesawa a aljihun ƙirji. 'Yarsa Roshan tana can bukkarsu ta haƙar gishiri a tsakiyar Rann, hamadar gishiri, tun hantsi numfashinta ke fita kamar ana busa sarewa.

"Mitar ƙirga nisa ta mutu, Baba. Lamba ba ta motsi."

Walji ya durƙusa a tayar gaba, ya zaro ɗan ƙarfen da ke ƙirga juyin taya, wanda suke kira idon mita. Gishiri ya cinye shi ƙurmus.

"Wannan ai sai dai addu'a. Ka kwana, gobe a kawo sabo."

"Gobe? Yarinyar nan ba za ta kai asuba ba!"

A Rann babu itace, babu dutse, babu hanya. Mita ce idon mutum. Daga turken alama na ƙarshe a bakin gari ka miƙe kilomita goma sha bakwai, ka karya dama. In ka zarce, ɓawon gishiri ya fashe, taɓo ya haɗiye ka har hula.

Tsohon ya daɗe yana susar gemu kafin ya jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin benci.

"Akwai ɗaya. Na babur ɗin Nurmamad ne, wanda aka zaro daga taɓo shekara biyu ke nan. Shi mai babur har yau ba a gan shi ba. Ni dai ban so, ɗana."

"Ko na Iblis ne, ɗaura min."

Walji ya goge maganaɗisun taya, ya ɗaure ƙarfen, ya bar tazarar farce ɗaya, ya haɗa waya. Ya juya tayar, lamba ta motsa. Ya kama tayar ta tsaya cak, ya juya neman tsumma.

Lambar ba ta tsaya ba.

Jusab ya gani da idonsa. Kaico, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya ɗora tafin hannu ya rufe mitar, ya ce, "Ta yi, Baba."

Ya wuce turken ƙarshe ana kiran magariba a bayansa. Gishiri na ƙaras-ƙaras ƙarƙashin taya. Biyar. Takwas. Goma.

Daga nan lissafi ya fara yi masa wani iri. Shekara ashirin yana bin hanyar nan, ƙugunsa ma ya san tsawonta. Jikinsa ya ce an kai wurin karya kwana. Mita ta ce sha biyu.

Ya bi mita.

Sai warin laka ya taso, irin na tsohuwar rijiya. Tayar baya ta nutsa kaɗan, kamar wani ya hau. Wani sanyi mai danshi ya manne masa a gadon baya.

"Saura biyar, ɗan'uwa," aka raɗa masa a kunne. "Kada ka tsaya."

Jusab ya ja a'uziyya, ya ci gaba da tafiya.

Ƙaras-ƙaras ya ɗauke. Yanzu taya caɓ-caɓ take yi.

Ya take birki. Babur ya tsaya, tayar gaba ta lume zuwa rabi. Mita na nan tana nuna gudun arba'in.

"Wane ne kai?"

"Tafi mana. 'Yata na jira. Zazzaɓi ne, ga maganin a hannuna. Kullum ina ƙirgawa, sha bakwai ta ƙi cika."

Yatsu masu laka suka zagayo cikinsa, suka riƙe.

A nan Jusab ya gane. Wannan ƙarfen satar nisa yake yi. Shi ya yaudari Nurmamad ya zarce, ga shi ya kawo wani wuri guda.

"Mun wuce, Nurmamad," ya ce. "Mitarka ƙarya take yi. Mun wuce tuntuni."

"Saura biyar."

Taɓo ya kai masa idon sawu.

Ya sunkuya ya finciko wayar, ya kashe inji. Duhu ya rufe. Riƙon ya ƙara tsanani, haƙarƙarinsa na ƙara.

Sai ya ji.

Tuk-tuk-tuk, tari, tuk-tuk-tuk. Can baya, ta hannun dama. Injin famfonsa ne na jan ruwan gishiri, mai tari bayan kowane bugu uku, wanda kullum yake zagi. Ba mai tayar da famfo bayan faɗuwar rana. Matarsa Hawabai ce ke kiransa.

"Tawa ma tana jira," ya ce da kuka. "Don Allah ka sake ni. Na yi alkawari zan kai naka maganin."

Yatsun suka saki, ɗaya bayan ɗaya.

Ya faɗa rub da ciki, ya ja jiki har ƙasa ta yi tauri, ya tashi ya runtuma wajen ƙarar, ba takalmi, gishiri na yanka masa ƙafa.

Hawabai na bakin bukka da yarinyar a kafaɗa, leɓunan yarinyar sun yi baƙi.

"Baban Roshan, yi sauri!"

Fesa ɗaya. Fesa biyu. Sarewar nan ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, yarinya ta ja iska ta fashe da kuka. Jusab bai taɓa jin abu mai daɗin kukan nan ba.

Da safe maza suka shimfiɗa katako suka je zaro babur. Waya a tsinke take, amma mita ta tsaya a kan sha bakwai cif. Suka tona ƙarƙashin tayar gaba. Ƙasusuwa ne, da kwalbar magani ƙulle a leda cikin yatsu.

Bayan jana'iza Jusab ya kai kwalbar gidan matar Nurmamad. Wata yarinya ce ta buɗe ƙofa, lafiyayya, da littafin makaranta a hannu. Uwar ta karɓi kwalbar tana hawaye, ta ce zazzaɓin ai da kansa ya sauka, washegarin ranar da uban ya fita.

Daga nan Jusab bai zame ko'ina ba sai sabon kabarin. Ya tsuguna ya dafa ƙasar.

"Na kai, ɗan'uwa. Ta warke, har ta shiga aji uku. Ka daina ƙirga."

Har yau mitar babur ɗinsa a naɗe take da tsumma. Famfon kuwa, duk wanda ya ce a gyara masa tarin nan, Jusab cewa yake a bar masa kayansa.