Zinariya da Kwandon Kalwa

A da can, lokacin da Turawa ba su daɗe da shigowa ƙasar Dutse ba, akwai wata yarinya mai suna Zinariya. A lokacin garin bai wuce gindin duwatsu ba. Babu mota, sai jakuna. Yara kan yi wasa a inuwar dabino har a kira magariba.

Zinariya tana zaune da kakarta, Iya Larai, mai yin daddawa. Duk gidan da miya ta yi ƙamshi a unguwar, an san daddawar Iya ce a ciki. Tun tana ƙarama Zinariya take taya ta aiki. Su dafa kalwa, su surfe, su wanke, su sake dafawa. Sai su zuba a kwando, su lulluɓe da ganye, su jira ta nuna.

Yarinya ce mai lura. Ta ga da bazara kalwa kan nuna da wuri, da sanyi kuwa sai a yi ta jira. Ta tambayi dalili. Iya ta ce kalwa tana son ɗumi, in ta ji ɗumi sai ta yi sauri.

Wata shekara ana tsakiyar sanyi, Gwaggo Rabi'atu, ƙanwar baban Zinariya, ta haihu. Iya ta yi alkawarin daddawar miyar suna. Aka dafa duk kalwar da ta rage a gidan, aka rufe.

Washegari Zinariya ta ɗaga ganye ta leƙa. Babu yauƙi, babu wari. Hankalinta ya tashi. Ta ce a ranta, in ɗumi kaɗan yana sa sauri, ai zafi mai yawa zai fi. Da Iya ta tafi gidan mai jego, sai Zinariya ta juye kalwar a tukunya, ta ɗora a kan garwashi, ta fita gaɗa.

Da ta dawo, ƙauri ne ya tarye ta. Iya tana tsaye a kan tukunyar. Kalwa ta bushe, ƙasan ya yi baƙi ƙirin.

"Wa ya ɗora wannan a wuta?" in ji Iya.

"Ni ce, Iya. Kin ce zafi yana sa ta sauri."

"Ɗumi na ce, jikata. Ke ma in sanyi ya kama ki kina matsowa kusa da murhu, amma ba kya sa hannu a ciki. Me ya hana ki tambaya?"

Zinariya ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Iya ba ta dake ta ba. Ta aike ta gidan maƙwabciyarsu Adda ta roƙo kalwa, kuma ta faɗi abin da ta yi da bakinta. Ta je cike da kunya. Adda ta saurara, ta cika mata ƙwarya.

Zinariya ce ta ɗebo ruwa, ita ta yi surfe har hannunta ya yi kanta. Ƙawayenta suka zo kiran ta wasa, ba ta je ba.

Wannan karon sai da ta tambaya. Iya ta sa ta ƙara ganye, ta rufa tsohon gwado, ta jingina kwandon da bangon bayan murhu.

"Taɓa ki ji," in ji Iya.

Ta taɓa. Ɗumin kamar na madarar da aka tatso yanzu.

Kafin suna kalwa ta nuna sarai. Suka daka, suka mulmula, suka shanya. Ranar suna mata suka yi ta yabon miya. Iya ta ce musu aikin jikarta ne.

Har Zinariya ta tsufa tana ba jikokinta wannan labari, tana dariya, tana kewar Iya. Takan ce musu ɗumi yana gaggauta abu, amma in ya wuce kima sai ya lalata shi. Kuma duk wanda ya san rabin abu, ya tambaya kafin ya aikata.