Allurar Da Ya Karɓa Dominta

Firjin wani ɗakin binciken magunguna ne ya lalace, aka kira mai gyara. Yana tsugune da sukudireba a hannu ya ɗago kai, ya ga wata likita tana kwashe kwalabe kafin su ɗumame.

"Me ke ciki kike rungumarsu haka?"

"Wani ruwa ne mai kauri," ta ce. "A yi wa namiji allurarsa, ya toshe hanyar ƙwayoyin haihuwa. In yana son haihuwa, a yi masa wata allurar ta narkar da shi."

Bayan sati biyu sai ga sunansa cikin masu sa kai a gwada maganin a jikinsu. Ta san sarai don ya riƙa ganinta ne. Amma saura mutum uku adadinsu ya cika, sai ta ja bakinta ta yi shiru.

Soyayya ta kama su. Yana ce mata Likitata, tana ce masa Injiniya. Da maganar aure ta taso, Ummansa ta ji labarin allurar.

"Wadda ta toshe maka zuri'a za ka kawo min gida? Ga 'yar ƙanwata nan tana jiranka."

Aka yi masa allurar narkarwa. Gwajin wata na farko bai nuna ƙwayoyin sun dawo ba, na biyu ma haka. Abinci ya daina shigar likitar. Ta tura masa saƙo:

"Injiniya, na san abin da ya kawo ka, ban hana ka ba. Mutum uku muke nema, na lissafa da kai. Ka auri zaɓin Umma. Ka yafe min."

Amsa ta zo nan take:

"Likitata, da idona na karanta takardar kafin in sa hannu. Nawa laifin shi ne ɓoye wa Umma. Ba inda za ni. Kin ci abinci?"

Washegari ta je gidansu ita kaɗai, ta durƙusa gaban Umma.

"Umma, ya kamata in hana shi, son aikina ya rufe min ido. Yawanci haihuwar tana dawowa, amma ba zan iya yi miki alkawari ba."

Umma ta daɗe tana kallonta.

"Na zaci daɗin baki za ki zo min da shi. Tashi, 'yata. Haihuwa ta Allah ce. Kuma yaron nan tun yana rarrafe ba ya jin bari."

Saura kwana huɗu ɗaurin aure sakamako na uku ya fito, ƙwayoyin sun dawo. A farfajiyar asibitin da aka yi gwajin ta zauna tana kuka, yana ta lallashinta.

Ranar da aka kai ta ɗakinta, Umma ta dafa kanta.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu jin magana fiye da ubansu."