Haruffan da Baba Ya Karanta

Ranar da ya fara ganinta, saura kaɗan ta fashe da kuka a gaban kwamfuta. Malama ce mai koyar da ɗinki ta intanet, ɗalibanta kuwa daga darasi na biyu sai su ɓace. Shi mai zane ne a kwamfuta, teburinsa na kusa da nata a ofishin da masu ƙananan sana'o'i ke zama tare.

Ya leƙa allon. Kala bakwai a shafi ɗaya, furanni ta ko'ina, rubutu ƙanana kamar tururuwa.

"Malama, ado ya yi wa darasin nan yawa."

"Wa ya tambaye ka?"

Amma washegari da ƙafarta ta zo. "Ka san ba ni da halin zuwa sutudiyo a ɗauki hotuna."

"Kina da taga da farin zanin gado? Sun ishe mu."

Da wayarsa ya ɗauki hotunan hannayenta a hasken safiya. Ya bar kala biyu, hoto ɗaya a kowane shafi. Ɗalibai suka dawo, shi kuwa bawan Allah zuciyarsa ta tafi ba ta dawo ba.

"Malamata," ya rubuta mata, "yau hotuna arba'in na gyara, duka hannunki ne, ban gaji ba."

"Haskena, ka je ka gaida Baba tukuna."

Baba, mahaifinta, tsohon tela ne, shi ya koya mata riƙe almakashi kafin idonsa ya yi rauni. Ya ce bai san zane a kwamfuta sana'a ce ba, ga ɗan amininsa mai shagon yadi yana jiran aurenta.

Da mai zane ya tambaye ta ko Baba na iya ganin baƙi a kan fari, ranta ya ɓaci, ta ɗauka gori ne. Kwana tara ba ta amsa saƙonsa ba, kuma ta sha wahalar kwanakin nan.

A rana ta goma ya yi sallama a gidansu da kwamfuta a hannu, ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, darasin 'yarka ne. Ka duba mana."

"Ai ka san ba na gani."

"A gwada dai, Baba."

Haruffa ne manya, baƙaƙe wuluk, layi uku kacal a shafi. Baba ya matso da fuska. Leɓɓansa suka fara motsi. Shekara huɗu ke nan bai karanta komai da kansa ba. Malama ta juya baya tana share hawaye.

A shafi na shida ya tsaya.

"Nan kun yi kuskure. Inci ɗaya ake bari a hammata, ba rabi ba."

"Za a gyara, Baba."

"Ka gyara kafin ɗaurin aure, kada a ce surukina bai san hammata ba." Ya laluba ya dafa kansa. "Allah Ya yi muku albarka. Buɗe min na bakwai."